Yadda Ake Taimaka wa Yaro Mai Fitsarin Kwance Ba Tare da Duka ko Tozarci Ba

Fitsarin kwance yana cikin matsalolin yara da ake fama da su a kowace unguwa, amma ba a cika kai shi asibiti ba, saboda yawancin iyaye suna ɗaukarsa a matsayin lalaci ko ƙazanta da bulala za ta gyara. Likitocin yara ba sa lissafa shi a matsayin matsala sai yaro ya cika shekara 5, domin kafin nan jikinsa bai gama koyon riƙe fitsari cikin barci ba. A shekara 5 ɗin, kimanin yara 15 cikin 100 suna jiƙa shimfiɗa, a shekara 10 adadin yakan sauka zuwa wajen 5 cikin 100, kuma ɗaya ko biyu cikin 100 sukan kai shekarun balaga da shi. Ya fi yawa a tsakanin maza. A kowace shekara, kimanin 15 cikin 100 na masu yin sa suna dainawa da kansu ko da ba a yi musu komai ba, shi ya sa kowane irin magani, har da wanda ba ya tsinana komai, yake samun masu shaidar cewa shi ya warkar da ɗansu.

Abubuwa uku ne suka fi haddasa shi, kuma sau da yawa sukan haɗu a jikin yaro ɗaya. Akwai nauyin barci, inda mafitsara take cika amma saƙonta ba ya iya tada yaron. Akwai yawan fitsarin dare, domin a al'ada ƙwaƙwalwa tana sakin wani sinadari da dare wanda yake sa ƙoda ta rage fitsarin da take tacewa, wasu yaran kuwa ba sa samun isasshensa. Sai kuma mafitsarar da ba ta iya ɗaukar fitsari mai yawa, ko wadda take matsewa tun ba ta cika ba. A bayan waɗannan akwai gado: idan ɗaya daga cikin iyaye ya yi fitsarin kwance yana yaro, kusan 4 cikin 10 na 'ya'yansa sukan yi, idan kuma dukansu biyu ne, adadin yakan haura 7 cikin 10. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da yake hannun yaro, kuma a kan wannan fahimta aka gina matakan da ke tafe.

Mataki na farko: a dakatar da hukunci, a yi magana da mutanen gida

Kafin a nemi kowane magani, sai an fara tsayar da duka, da zagi, da hana abinci, da ɗora wa yaro jiƙaƙƙiyar tabarmarsa a ka ana bin sa da waƙar amalala, da tsoratar da shi da kwaɗo. Masu yin haka suna zaton kunya za ta sa ya kame, alhali abin yana faruwa ne a lokacin da ba ya cikin hayyacinsa. Abin da hukunci yake koya wa yaro shi ne ɓoyewa: ya tashi tun kafin asuba ya cusa wando a bayan akwati, ya juya katifa, ko ya matsa ya ɗora laifin a kan ƙaninsa, sai a wayi gari an ƙara masa sunan maƙaryaci a kan wanda yake da shi. Ga Musulmi akwai hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku, mai barci har ya farka, da yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Yaron da ya jiƙa shimfiɗa ya shiga biyu daga cikin ukun a lokaci guda.

Sai a zauna da yaron shi kaɗai, da rana, a lokacin da babu wanda ransa yake ɓace. Uwa tana iya cewa: "Abba, zo ka ji. Wannan abin da ke faruwa da dare ba laifinka ba ne, jikinka ne bai gama koyon tashinka ba, kuma akwai yara da yawa irinka ko a ajinku. Ni da kai za mu yi aiki a kansa har ya wuce." Idan uba ko wani kawu ya yi fama da shi yana ƙarami kuma ya yarda a faɗa, to a faɗa wa yaron, domin a ganina babu maganar da take sauke masa nauyi kamar jin cewa babansa ma ya yi, ya kuma daina.

Daga nan sai mutanen gida. A gidan da yake da yawa, uba ne ya fi dacewa ya kafa doka cewa ba a tada wannan magana a tsakar gida, ba a gaya wa baƙi, kuma ba a yi wa yaro gori da ita idan faɗa ya haɗa shi da 'yan ubansa. Kakanni suna bukatar lallashi na musamman, saboda wasan kaka da jika ya ba su damar tsokana, kuma kaka ba ta nufin sharri idan ta ce ba za ta auri mai fitsarin kwance ba, amma yaro ɗan shekara 8 yakan tafi makaranta da wannan maganar a ransa. A roƙe su cikin ladabi su cire wannan daga cikin wasan.

Mataki na biyu: a gane irin fitsarin, a san lokacin zuwa asibiti

Tambaya ta farko da likita zai yi ita ce ko yaron ya taɓa dainawa. Wanda tun tasowarsa bai taɓa yin wata 6 a jere babu fitsarin kwance ba, yawanci jinkirin girma ne da gado. Wanda ya daina na tsawon wata 6 ko fiye sannan abin ya dawo, shi ne ake nema wa dalili, a jiki ko a zuciya.

Ta ɓangaren jiki, akwai alamun da ba a jinkirta su. Yaron da yake yawan jin ƙishirwa, yana fitsari mai yawa dare da rana, yana ramewa duk da cewa yana cin abinci, a kai shi asibiti a ranar domin a gwada ciwon sukari, wanda yake iya galabaitar da yaro cikin 'yan kwanaki. Zafi lokacin fitsari, ko zazzaɓi, ko fitsari mai wari da duhu, suna nuna ƙwayoyin cuta a mafitsara, abin da ya fi samun 'yan mata. Jini a ƙarshen fitsari ga yaron da yake wanka a kududdufi, ko rafi, ko magudanar noman rani, alamar tsargiya ce, kuma maganinta yana samuwa, har ana raba shi a makarantu. Yaron da yake ɗigar fitsari da rana, ko wanda fitsarinsa ba ya fita da ƙarfi, ko wanda tafiyarsa ta sauya, shi ma na likita ne. Haka nan mai minshari sosai, wanda yake barci baki buɗe, numfashinsa yana ɗaukewa yana dawowa: kumburin naman maƙogwaro da na bayan hanci yakan jawo fitsarin kwance, kuma wannan aikin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne, kada a kai shi wurin wanzami a cire masa beli.

Sikila tana bukatar a ambace ta daban, tunda Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar yara masu ita. Cutar tana raunana ƙoda ta yadda ba ta iya rage ruwan da take fitarwa, don haka fitsarin kwance ya fi yawa kuma ya fi daɗewa a wurin waɗannan yara. Duk abin da za a faɗa a gaba game da rage ruwa da dare bai shafe su ba sai da izinin likitansu, domin ƙarancin ruwa a jiki yana tada musu ciwo.

Ta ɓangaren zuciya, a duba abin da ya sauya a rayuwar yaron kafin fitsarin ya dawo: haihuwar ƙani, mutuwar aure, rasuwa a gida, kai shi riƙo wurin dangi, tafiya almajirci ko makarantar kwana, malami mai yawan duka, ko harin 'yan bindiga da gudun hijira. Yara ƙanana ba su da kalmomin da za su bayyana fargaba, sai ta fito ta barcinsu da cin abincinsu. Idan fitsarin ya dawo tare da firgita cikin barci, da ƙin zuwa wani gida ko tsoron wani mutum takamaimai, ko ciwo a al'aura, to wajibi ne a yi tunanin cin zarafi, a tambayi yaron a hankali ba tare da tsawa ba, a gaskata shi, a kai shi asibiti. Gwajin farko, wato na fitsari da na sukari, ana yin sa a babban asibitin ƙaramar hukuma, idan kuma aka ga abin da ya fi ƙarfinsu sai su tura sashen yara na asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Sakkwato da Maiduguri.

Mataki na uku: a yi rubutu na mako biyu

A ware littafi ƙarami, a riƙa rubuta darare da aka jiƙa da waɗanda aka tashi a bushe, da abin da yaron ya sha bayan la'asar, da ranakun da ya yi bayan gida. A ranaku biyu da babu makaranta, a auna fitsarinsa na rana. Tsohuwar fidar jarirai tana da layukan awo, ana iya amfani da ita a yi wa wata roba alama a keɓe ta don wannan aiki. Likitoci suna ƙiyasta abin da mafitsarar yaro ya kamata ta ɗauka da lissafi mai sauƙi: a ƙara 1 a kan shekarunsa, a ninka da 30, abin da ya fito shi ne mililita. Ɗan shekara 7 ke nan zai ɗauki wajen mililita 240, kusan rabin ledar fiyawata. Idan mafi yawan abin da ya yi a lokaci ɗaya, ban da fitsarin farko na safe, bai kai kashi biyu cikin uku na wannan ba, to mafitsarar ce ba ta ɗaukar da yawa. Idan kuma awon rana daidai yake amma shimfiɗa tana jiƙewa sharkaf tun farkon dare, an fi zargin yawan fitsarin dare. Wannan littafi shi ne abu mafi amfani da za a riƙe a hannu ranar ganin likita.

Mataki na huɗu: a gyara bayan gida

Wannan shi ne matakin da iyaye suka fi tsallakewa, kuma shi kaɗai yakan warware matsalar wasu yaran. Ƙarshen hanji yana kwance ne a bayan mafitsara, idan ya cika da busasshen kashi sai ya danne ta, ya rage mata wuri, ya kuma sa ta riƙa matsewa ba lokacinta ba. Uwa takan san bayan gidan jaririnta, amma da zarar yaro ya iya tsarki da kansa babu mai sake tambaya. A tambaya. Idan bai kai sau 3 a mako ba, ko yana fitowa da tauri gutsi-gutsi kamar na awaki, ko yana yunƙuri da kuka, ko ana ganin ɗan kashi a wandonsa, to cikinsa a cushe yake.

Yara da yawa suna riƙe bayan gida ne da gangan, saboda tsoron ramin masai da duhunsa da kyankyasai, ko saboda makewayin makaranta ba ya shiguwa, ko babu shi gaba ɗaya. A saba masa da zuwa makewayi kullum bayan karin kumallo ko bayan abincin dare, ya zauna minti 5 zuwa 10 ba tare da ana buga masa ƙofa ba. Tsuguno yana taimaka wa fitar kashi, idan kuma masan zama ake da shi, a sa masa 'yar kujera a ƙarƙashin ƙafafu. A ƙara masa wake, da zogale, da alayyahu, da kuɓewa, da gwanda, da lemon zaƙi da ake ci da ɓargonsa, a rage biskit da burodi da taliyar yara. Idan mako biyu suka wuce babu sauyi, likita zai rubuta maganin sassauta kashi wanda ake sha na tsawon watanni, wanda ya bambanta da maganin wankin ciki na rana ɗaya da ake saya a kemis.

Mataki na biyar: a mayar da shan ruwa zuwa safe da rana

Yawancin yara suna fita makaranta ba su sha komai ba sai ɗan koko, su dawo su wuce Islamiyya, su yi wasa har magariba, sannan su zo da ƙishirwar yini guda su kwankwaɗi ruwa bayan tuwo. Hana su ruwa a wannan lokaci zalunci ne idan ba a shayar da su da rana ba. Yaro ɗan shekara 4 zuwa 8 yana bukatar lita 1 zuwa kusan lita 1 da rabi a yini, wanda ya girme shi ya fi haka, kuma a watannin zafi bukatar tana ƙaruwa. A ba shi kofi da safe, a haɗa shi da gorar ruwa zuwa makaranta, a ba shi da ya dawo, a sake ba shi da la'asar, ta yadda awa ɗaya zuwa biyu kafin barci kurɓi kaɗan zai ishe shi. Shayi da lemon kwalba baƙi suna ɗauke da sinadarin da yake ƙara fitsari, a bar su zuwa safe, haka ma kunu da fura da zoɓo da kankana a matso da su zuwa rana. Abincin dare mai gishiri da dunƙule da yawa yana jawo ƙishirwa, a sassauta. A watan azumi, yaron da yake gwada azumi dole ya sha ruwansa da dare, saboda haka kada a yi mamaki idan abin ya ƙaru, a jira bayan salla.

Fitsarin rana ma a tsara shi: sau 4 zuwa 7 a yini, kusan kowace awa biyu zuwa uku, ko bai matsu ba. A sanar da malamin aji a asirce domin ya riƙa ba shi izinin fita. Kada a sa yaro ya riƙa riƙe fitsari ko katse shi a tsakiya da sunan motsa mafitsara.

Mataki na shida: shirin dare da na safe

Yaro ya yi fitsari sa'ad da ake shirin kwanciya, ya sake yi daf da lokacin da barci zai ɗauke shi. Idan makewayi yana can ƙarshen gida, a ajiye masa fo ko bokiti mai murfi a ɗaki, da tocila kusa da matashinsa, domin akwai yaran da suke farkawa amma tsoron fita tsakar gida cikin duhu ya sa su koma barci. A rufe katifa da leda mai kauri, a shimfiɗa zani a kai, a ajiye wani zanin da wando a gefe. A lokacin hunturu a lulluɓe shi da kyau, sanyi yana ƙara yawan fitsari. Idan da hali a ba shi shimfiɗarsa shi kaɗai, a gabatar masa da ita a matsayin alamar girma, wanda dama addini ya yi umarni da raba wa yara makwanci idan sun kai shekara 10.

Tada yaro da tsakar dare a kai shi fitsari yana rage wanki, amma ba ya koya masa farkawa, musamman idan ana jan sa ne yana tafiya cikin barci. Wanda zai yi, ya yi sau ɗaya kawai, ya tabbatar yaron ya farka har yana amsa magana.

Da safe, idan an jiƙa, a faɗi abin da za a yi kawai: "Tashi ka yi wanka, ka kawo zanin mu jiƙa." Wanka da sabulu kafin makaranta ba abin sakaci ba ne, saboda zarnin fitsari shi yake tona asirin yaro a aji. Ɗan shekara 7 zuwa sama yana iya taya cire zani da shanya, muddin ana yin haka a matsayin aikin gida irin na kowa, a kuma shanya a inda ba zai zama abin kallo ba.

Mataki na bakwai: a yaba abin da yake hannunsa

A yaba wa yaro a kan shan ruwansa da rana, da zuwa makewayi kafin barci, da faɗin gaskiya da safe, ana iya yi masa alama a littafin nan, idan alamun suka taru a ba shi ɗan abin da yake so. Kada a ɗaura kyautar a kan tashi a bushe, kuma kada a ƙwace wadda ya riga ya samu saboda ya jiƙa.

Mataki na takwas: ƙararrawa da magani

Idan an yi wata biyu zuwa uku a kan waɗannan matakai babu sauyi, yaron ya kai wajen shekara 7, kuma shi da kansa abin yana damun sa, sai a koma wurin likita da littafin. Hanyoyi biyu ne aka tabbatar da amfaninsu.

Ta farko ita ce ƙararrawar fitsari, wadda masana halayyar ɗan Adam a Amurka suka yaɗa amfani da ita tun 1938. 'Yar na'ura ce mai batir, ana maƙala bakinta a wandon yaro, da ɗigon farko ya taɓa ta sai ta yi ƙara. Ta bambanta da ƙararrawar waya da ake saitawa, saboda tana kaɗawa ne daidai lokacin da mafitsara ta cika, har ƙwaƙwalwa ta koyi haɗa cikar da farkawa. A makonnin farko yaron ba zai ji ta ba, don haka dole babba ya kwana kusa, ya tashe shi sosai, shi yaron ya kashe ta da hannunsa, ya je ya ƙarasa fitsarin, ya sauya wando, a sake maƙala ta. Ana yin haka kowane dare ba fashi. Bayan mako 4 a duba ko wurin da yake jiƙewa ya ragu ko ya fara farkawa da kansa, idan haka ne a ci gaba har ya yi dare 14 a jere a bushe. Kimanin biyu cikin uku na yara suna dainawa da ita, kuma ita ce ta fi ba da waraka mai ɗorewa, sai dai ba a cika samun ta a kemis ba, yawanci sai an yi odarta ta intanet, kuma tana da wuyar sha'ani a ɗakin da yara biyar suke kwana.

Ta biyu ita ce ƙwayar desmofiresin, wadda take yin aikin sinadarin nan mai rage fitsarin dare. Tana aiki tun daren farko ga waɗanda ta karɓa, amma da yawa sukan koma idan aka daina. Sharaɗinta mai tsanani ne: yaro ba zai sha ruwa ba, sai kurɓi, daga awa 1 kafin ya sha ta har awa 8 bayan haka, domin ruwa mai yawa tare da ita yana rage gishirin jini har ya kai ga jijjiga. Ba a ba da ita ranar da yaro yake amai ko gudawa. Akwai kuma tsohon magani mai suna imifiramin, wanda yake da haɗari ga zuciya idan aka wuce ƙima, kuma 'yan ƙwayoyi kaɗan suna iya halaka ƙaramin yaro idan ya tsince su, saboda haka kada a karɓe shi daga hannun mai kemis ba tare da takardar likita ba. Jiƙe-jiƙen gargajiya da ake ɗura wa yaro da dare kuwa, ko ba komai, ruwa ne aka ƙara masa a lokacin da ake son ragewa.

Yaron da zai shiga makarantar kwana a fara masa wannan aiki tun wata shida kafin tafiya. Idan lokaci ya yi bai daina ba, a gana da mai kula da ɗakin kwana ko ma'aikaciyar jinyar makarantar a asirce, a nema masa gadon ƙasa kusa da ƙofa, a haɗa shi da leda da zannuwa na ƙari, likita kuma ya duba ko ƙwayar desmofiresin za ta dace da shi na tsawon zangon karatu. Idan yaro ya daina sannan abin ya dawo bayan wasu watanni, a fara duba bayan gidansa da shan ruwansa, a sake gwajin fitsari, sannan a maimaita hanyar da ta yi masa aiki a karon farko, domin mafi yawansu suna sake karɓar ta.